Tambaya da Amsa: Za mu kwana bakin tafki a motar-gida, ya za mu yi da karen?

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a bayan garin Sent Pol da ke jihar Minesota, ni da maiɗakina da yara uku. Muna da karen gadi mai shekara biyu, ɗakinsa yana bayan gida. Bana yara sun matsa sai mun yi hayar irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda ake kira RV, mu je mu yi kwana uku a bakin tafki cikin watan Agusta. Gidan ajiye karnuka da na tambaya kuɗinsu ya yi yawa, yaran ma sun ce ba za su tafi su bar shi ba. Na san ka saba irin wannan tafiya. Ana barin kare a waɗannan wurare? Kuma ya kake yi da sallah, ga kare a mota ɗaya da kai?

Ƙaninka, daga Sent Pol

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya raya zuri'a. Ana bari, kuma shawarata ku tafi da shi. Sai dai tun yanzu ka sa a ranka cewa a kwana ukun nan, duk inda ka sa ƙafa yana gefenka. In ka ga ba za ka iya ba, gara ka biya gidan ajiyar komai tsadarsa. Bari ka ji abin da ya sa na kafe a kan wannan.

Shekarar da muka fara irin wannan tafiya, mun sauka a wani sansani a arewacin jihar. Karena Duna baƙi ne wuluk, irin masu son ruwan nan. Rana ta biyu da azahar ƙanƙararmu ta ƙare, sai na kunna masa na'urar sanyaya ɗaki, na kulle ƙofa, muka shiga ƙaramar motar da maiɗakina ta biyo mu da ita muka nufi ƙauyen da ke kusa. Niyyata minti ashirin. Ga layi a shago, ga yara sun ga askirim, muka share kusan awa guda. Tun daga nesa na ji abin da ya tsinka min zuciya, wato shiru. Babu ƙarar na'urar a saman motar. Ina buɗe ƙofa zafi ya daki fuskata kamar an buɗe tanda. Duna yana kwance ƙarƙashin tebur, harshe ya zazzago ja jawur, yawu mai kauri yana dalala, haki yake yi har haƙarƙarinsa na rawa. Ya ɗago kai ya dube ni, ya kasa tashi.

Abin da ya faru, ranar kowace mota a layinmu ta kunna na'urarta, sai burekar da ke jikin turken wutar ta faɗi. Mu da muka tashi cikin ɗauke wuta mun san ba a jingina rai da ita, amma zaman Amurka ya mantar da ni. Na sungumo shi zuwa inuwa, na riƙa jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa da ruwa mai ɗan sanyi, wata dattijuwa da ke maƙwabtaka da mu ta kawo fanka mai batir. Daga nan muka yi gudun minti arba'in zuwa asibitin dabbobi, aka yi masa ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Har yau in na tuna kallon da ya yi min, jikina yakan yi sanyi, domin ni na kulle shi.

Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka tana gargaɗi cewa idan zafin waje digiri 21 ne kacal, cikin rufaffiyar mota yakan kai 32 a minti goma, ya kai 40 a rabin awa. Motar-gida ta fi ƙaramar mota jinkirin ɗaukar zafi, amma akwatin ƙarfe ce ita ma. Shi kuwa kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sauke zafi, in iskar da yake shaƙa ta yi zafi to dabararsa ta ƙare. Akwai 'yar na'ura da ake sayarwa mai turo saƙo a waya idan zafi ya hau. Ina da ita, amma a dazukan arewa sabis yakan ɗauke, don haka ba ta sa na sake barin Duna shi kaɗai ba. Doka ma bayan wannan take: a gandun shaƙatawa na gwamnatin Minesota dole kare ya kasance da igiya wadda ba ta wuce ƙafa shida ba, kusan mita biyu, kuma dole a samu mutum tare da shi kowane lokaci. Ba ya shiga gine-gine, ba ya taka rairayin da aka keɓe don ninƙaya. Kashinsa kuwa kai za ka kwashe a leda, ka koya wa yaran tun a gida.

Yanzu ruwan da za ku je dominsa. Ka ce Agusta, kuma Agusta ne watan da na fi tsoro. Idan zafi ya daɗe, iska ta kwanta, ga takin gonaki ya gangaro cikin tafki, sai wata irin gansakuka ta taso. Masana sun ce ƙwayoyin bakteriya ne, wasunsu suna fitar da guba mai lalata hanta, wasu mai taɓa jijiyoyi. Za ka ga saman ruwan ya koma kamar miyar kuka, ko kamar an kifar da bokitin koren fenti, wani lokaci da wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Iska tana tura ta gaɓa, daidai inda kare yake tsoma baki. Ya sha, ya fito ya lashe gashinsa, ya ƙara sha. Amai, gudawa, dalalar yawu, tangaɗi, farfaɗiya, wani karen ba ya kai yamma. Babu maganin da ke karya wannan gubar, likita tallafa wa jiki kawai yake yi. A shekarar 2019 karnuka biyar sun mutu bayan sun yi wanka a tafkin Lady Bird da ke birnin Ostin na jihar Teksas, kuma a watan Agustan shekarar wasu uku suka mutu a Wilminton ta Karolina ta Arewa bayan wasa a wani kududdufi.

Ni kafin Duna ya jiƙa ko farce, sai na sauka gaɓa da sanda. In tsoma, in ɗago. Idan ta fito kamar an shafa mata fenti, ranar ba wanka. Idan ta fito da zare-zare kamar gashi, yawanci gansakukar da muka sani ce. Na ce yawanci, domin ta Ostin ɗin a dunƙule take a ƙasan ruwa da gefensa. Saboda haka ina tambayar ma'aikatan ofishin sansani ko an kafa sanarwa, ina hana shi cin duk wani kore da ruwa ya turo, kuma in ya fito ina ɗauraye shi da ruwan famfo kafin ya fara lasa. Kwanon ruwansa kullum a cike yake, don kare mai ƙishirwa ba ya jin tsawa. In ka yi shakka, ka hana. Yara za su yi ƙorafi, shi ma zai yi ta kuka yana jan igiya, ka daure.

Ka saya masa rigar ruwa mai hannu a baya idan za ku shiga kwalekwale, ba kowane kare ne gwanin iyo ba, kuma wanda ya tashi a bayan gida bai san zurfi ba. Ka lura da ƙugiyar masunta a gaɓa, sau da yawa da guntun kifi a jikinta.

Kaska ma tana nan, ƙanana ƙwarai, wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Ita ke ɗauke da cutar Laim, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Kanetikat inda aka fara lura da ita a 1975, kuma Minesota da Wiskonsin suna cikin inda ta fi yawa. Takan ɗauki kwana guda ko fiye a manne kafin ta zuba cutar, shi ya sa duba na kowane dare yake da amfani: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin abin wuya, gindin wutsiya. Ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali. Yaran ma a duba su. Wata guda kafin tafiya ka kai shi wurin likita, a tabbatar allurar haukan kare tana kan lokaci, a ba shi maganin kaska da na tsutsar zuciya da sauro ke kawowa, ka kuma tambayi rigakafin cutar leftosifira, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin namun daji ya shiga. Takardar allurar ta zauna a aljihun mota, wasu sansanonin sai sun gani. In kun yi sha'awar leƙa Kanada, ka sani tun 1 ga Agusta 2024 sai kare ya kai wata shida, yana da ɗan guntun lantarkin shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cike fom na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kafin a dawo da shi Amurka.

Batun mota gajere ne. Wadda ake kira Class C, mai gado a saman direba, ta ishe ku ku biyar, kuma lasisinka na yau da kullum ya wadatar. Ka faɗa wa masu hayar akwai kare tun kafin ka biya, wasu suna ƙara kuɗin shara, wasu ba sa yarda sam. Lokacin tafiya ya zauna a kejinsa, kejin a ɗaure. In kuma irin wadda ake ja a baya kuka samu, kada a bar shi a ciki mota tana gudu. Karen da bai taɓa doguwar tafiya ba, ka fara zagayawa da shi unguwa tun yanzu.

Inda zan tura ku shi ne Itaska, tafiyar kamar awa huɗu daga gidanku. Shi ne gandun shaƙatawa mafi tsufa a jihar, tun 1891, kuma daga tafkinsa kogin Misisipi yake farawa, ɗan rafi da yara ke tsallakewa a kan duwatsu da wando a naɗe. Sansaninsa na Bear Paw yana bakin ruwa, Pine Ridge yana ɗan ciki, duka akwai inuwar dogayen itatuwa. Jihar tana da tafkuna 11,842, ba za ku rasa wani ba in wannan ya cika, amma ana buɗe kama wuri kwana 120 kafin ranar, wato mai son Agusta a Afrilu yake zama gaban kwamfuta. Nemi fili mai wuta da inuwar yamma, nesa da hanyar banɗaki, domin karen gadi zai ɗauki kowane mai wucewa ɓarawo ne, kuma daga ƙarfe goma na dare ba a son hayaniya. Sansanonin 'yan kasuwa irin su KOA da yawa suna da shingen da ake sakin kare ya yi gudu, sai dai wasu masu zaman kansu suna ƙin wasu jinsuna saboda inshora. Ka buga waya ka faɗi irin naka.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi damunka. Hukunci na malamai ne, ka zauna da malaminka. Abin da muka karanta tun muna yara a mazhabar Malikiyya shi ne duk mai rai tsarkakke ne, har da kare, jikinsa da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki kuwa bin umarnin hadisi ne. 'Yan'uwanmu Somaliyawa da suka cika masallatan Miniyapolis 'yan Shafi'iyya ne, a wurinsu najasa ce mai nauyi, don haka in za ku yi tafiyar da wani iyalinsu ka sanar da su tun da wuri. Hadisi ya yi izinin karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa sun haɗa da na gadin gida, kuma hadisin mala'iku da ɗakin da ke da kare yana nan, ban taɓa wasa da shi ba. Shi ya sa a gida Duna yana waje, kamar naka. A daji kuwa ba na ɗaure shi a waje da dare, saboda akwai beguwa, akwai bodari mai ɗauke da ciwon hauka, akwai baƙar beyar. Wanda ya ɗaure dabba, shi za a tambaya.

Ga yadda muke yi. Kejinsa yana can gaba wajen kujerun direba, ba ya hawa gado. Kwanukansa ja ne, namu farare, ba sa haɗuwa ko wurin wanki. Darduma da kayan sallah suna cikin kabad a rufe saboda gashi. Sallah kuma a waje muke yinta, ƙarƙashin rumfar da ake warwarowa daga jikin motar, mu shimfiɗa tabarma mu fuskanci arewa maso gabas. In ana ruwan sama, sai mu koma ƙarshen motar mu ja labule.

Asubar ƙarshe da muka yi a Itaska, hazo ya kwanta a kan tafkin har ba a ganin ɗaya gaɓar. Muna cikin raka'a ta biyu sai tsuntsun ruwan nan da suke kira lun ya saki kukansa mai tsawo daga tsakiyar ruwa, wani ya amsa masa daga nesa. Duna yana ɗaure a ƙafar tebur, taku uku daga tabarmar. Da na sallame na waiwaya, ya kafa kunnuwa yana kallon hazon, bai yi haushi ba. Autarmu ta tashi ta cika masa jan kwanonsa, sannan ta ɗora mana ruwan shayi.