Shin jiha na iya hukunta jami'in shige da fice na Amurka da ya gallaza wa mutum?

Tambaya: Malam, ƙanena yana zaune a Amurka. Ya ce jami'an ICE, wato hukumar shige da fice ta Amurka, suna jona wa mutane na'urar Taser mai jan lantarki, suna fesa musu barkono, suna ɗaure wasu tamau. Gwamnatocin jihohi ba su da ikon gurfanar da su ne?

Amsa: Hajiya, suna da iko, amma ƙofar ƙunci gare ta.

Jami'an ICE da na tsaron iyaka ma'aikatan tarayya ne. Tun 1890, a shari'ar Neagle, Kotun Ƙoli ta ce jiha ba za ta hukunta ma'aikacin tarayya ba muddin aikin da doka ta ɗora masa yake yi, kuma bai wuce abin da ya wajaba ba. Wanda ya wuce gona da iri ba shi da wannan kariya. To amma ko jiha ta shigar da ƙara, jami'in na da damar mayar da ita kotun tarayya, kuma a can alƙali yake fara duba batun kariyar. Jihar Idaho ta gwada: a 1997 ta tuhumi wani jami'in FBI kan kashe wata mata a Ruby Ridge. Sai 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ba da damar ci gaba, daga nan mai gabatar da ƙara ya janye.

Abin da ya sa ake zuba wa jihohi ido shi ne tarayya ba ta cika hukunta nata ba. A 2010, a San Ysidro, kan iyakar Amurka da Mexico, jami'ai sun yi wa Anastasio Hernández Rojas dukan kawo wuƙa, suka jona masa Taser yana kwance da ankwa a hannu, ya rasu. Akwai bidiyo, akwai shaidu, duk da haka a 2015 Ma'aikatar Shari'a ta ce ba za ta tuhumi kowa ba. Wannan yana ci mini rai har yau. Iyalansa sun karɓi diyyar dala miliyan 1 a 2017.

Neman diyya daga jami'in kansa ma ya yi wuya, domin hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Egbert a 2022 ya kusa toshe hanyar da shari'ar Bivens ta buɗe a 1971. Shi ya sa a Disambar 2025 jihar Illinois ta yi dokar da ta ba mutum damar kai irin wannan jami'i kotun jiha, gwamnatin tarayya kuwa ta ƙalubalance ta. A ganina jihar ta yi daidai. Wata fa'idar gurfanar da jami'i a jiha kuma: idan laifin karya dokar jiha ne, shugaban ƙasa ba shi da ikon yin afuwa.

Lamarin ya taɓa mu kai tsaye. 'Yan Kamaru da aka koro a 2020 sun ba da labarin yadda aka naɗe wasunsu cikin wani abin ɗauri da ake kira WRAP a jirgi.

Ki gaya wa ƙanenki, in abu ya same shi ko wani nasa, ya je asibiti a ranar a rubuta raunin, ya ɗauki hoto, ya adana sunayen shaidu, ya nemi lauya. Dokar neman diyya daga gwamnatin tarayya ta 1946 shekara 2 kacal take ba mutum ya miƙa koke a rubuce, kuma rashin takardar zama ba ya hana shi yin hakan.