Kafin ku sayi audugar, ku duba inda za a shanya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kun haɗa ɗan kuɗi don 'yan matan ƙauyenku masu fashin makaranta duk wata saboda al'ada, kina tambaya ko ku sayo audugar kanti ku raba. Allah ya saka muku da alheri. Na jima ina koyarwa a ƙaramar sakandaren ƙauye, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Mu ma da rabon muka fara. Fakiti ɗaya da ƙyar yake kai yarinya wata guda, wani sa'in ma da yayarta za su raba. Wata na zagayowa aka koma tsumma. Kuma ni ban ga laifin tsumma ba, da ƙunzugu kakanninmu suka rayu. Matsalar tana wajen shanya. Yarinya za ta wanke cikin dare, kunya ta hana ta shanya a tsakar gida inda baba da yayye maza ke wucewa, sai ta cusa ƙarƙashin katifa. Da safe ta ɗauka da danshinsa ta saka. Daga nan ƙaiƙayi da wari ke farawa.

Har yau ina tuna wata ɗalibata. An tashi, aji ya watse, ita tana manne da benci, ta cukuikuye hijabi a ƙugu tana hawaye. Kwana huɗu ba mu gan ta ba. Makarantar ba ta da banɗakin mata mai ƙofa, balle buta da ruwa. To ko an ba ta auduga, a ina za ta canza?

Shawarata, ku raba kuɗin. Kaso babba ku sayi keken ɗinki ko da na hannu ne, ku samu yadin auduga mai laushi, da tawul, da ledar da ba ta yin ƙara, da maɓalli. Idan kuna kusa da Kano, Kantin Kwari ya fi sauƙi. Ku nemi tela mace ta koya musu ɗinka auduga mai wankuwa. Kowace ta samu aƙalla huɗu, da kamfai biyu, don da yawa ba su da shi kuma ba za su faɗa ba. A wanke da ruwan sanyi da sabulu, ruwan zafi kama jini yake. A shanya a rana, a yafa siririn mayafi a kai. A riƙa canzawa bayan awa 4 zuwa 6.

Waɗanda hannunsu ya faɗa sai su ɗinka na sayarwa. Dillaliya mai shiga gida-gida ta fi mai kanti, saboda budurwa ba za ta tambayi namiji wannan ba. Namu da adashin cinikin suka riƙa sayen littattafai.

Kada ku tsallake iyaye mata da malamar Islamiyya. Ita da ma tana karantar da babin haila, bakinta ya fi naku shiga. Ku tambayi shugaban makaranta ko suna cikin AGILE, shirin Bankin Duniya na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda ya fara a 2020 da jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna da Kebbi, don yana gyaran banɗakuna. Taron farko kuwa ku sa shi 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya.

Wadda jininta ke wuce kwana 7, ko take jiri da ɗashewar ido, ko ciwon mara ke kwantar da ita, a kai ta asibiti a duba jininta.