Sirri, Asiri da Tsagar Bango: Amsar Tambayoyinku

Wani malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Ringim ya aiko yana cewa: "Malam, a wata tashar rediyo na ji an ce an fitar da takardun sirri na gwamnatin Amurka, a wata kuma aka ce asirin gwamnati ya tonu. Sirri da asiri duk abu ɗaya ne?"

Malam, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma kowa da gidan da ya tashi. Dukansu daga kalmar Larabci ta sirr suka fito. Asiri ya riga shigowa, ya taho da "al-" ɗin da Larabawa ke sawa a farkon kalma manne a jikinsa, kamar yadda muka samu asuba da annabi. Da ya daɗe a bakin Bahaushe sai ya yi rassa. Sirri dai abu ne da ka sani, ba ka son kowa ya sani: lambar katinka ta banki, ko kuɗin da ka sayar da bijimi a kasuwar Maigatari. In ya fita, asara za ka yi. Asiri kuwa mutuncinka ne a lulluɓe. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, amma kullum hayaƙi na tashi a gidansa, shi ake cewa asirinsa a rufe yake. Shi ya sa muke addu'a da "Allah ya rufa asiri", ba wanda ke cewa Allah ya rufa sirri. Akwai kuma asirin boka, wanda ake cewa an yi wa wane, amma wannan zance ne na wata rana.

To ita gwamnati, wanne take da shi? Tana da sirri, kuma wani sirrin dole ne. Hanyar da sojoji za su bi su faɗa wa 'yan bindiga ba abin shela ba ce. Tun 1962 Najeriya ke da dokar tsare sirrin hukuma. Amma in ka ji an ce asirin hukuma ya tonu, harshen da kansa ya riga ya yanke hukunci, wato abin da aka lulluɓe na kunya ne.

Wurin da kalmomin biyu suka yi karo, a iya tunawata, shi ne jinyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. An fita da shi zuwa Saudiyya a watan Nuwamba na 2009, aka shafe watanni talaka bai san halin da ake ciki ba, har sai da majalisa ta ba Goodluck Jonathan riƙo a Fabrairun 2010. A majalisin da nake zama bayan la'asar, dattawa sun rabu biyu. Wasu suka ce ciwo asirin iyali ne, ba a tallarsa. Wasu suka ce wanda ya ɗauki amanar ƙasa, lafiyarsa ta tashi daga ta iyali. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa, don na farko asiri suke karewa, na biyu kuwa sirrin da aka maida mayafi suke ƙorafi a kai. A Mayun 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa in ka nemi takarda. Ko ana bin ta, ku tambayi 'yan jarida.

Wata ɗaliba daga Kazaure ta tambaya: "Baba, me ya kamata a kira irin su Edward Snowden da Hausa? Mai kwarmato ko mai tonon silili?"

'Yata, duk wadda kika zaɓa kin nuna ɓangarenki. Kwarmato ihu ne na neman jama'a su kawo ɗauki, irin wanda mace ke yi da tsakar dare in ta ga ƙato a garken awaki. Mai kwarmato ba ya ɓoye muryarsa, kuma don amfanin unguwa yake yi. Tonon silili kuwa bin diddigi ne har a kunyata mutum, yawanci da ƙullin zuciya a ciki. Fallasa tana kusa da shi. Tsegumi ya fi su araha, shi a kunne ake yinsa. Bankaɗa ita ce ta tsakiya: ka ɗaga tabarma kowa ya ga abin da ke ƙasa, ba ka ce komai ba.

A 2013 Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya miƙa wa 'yan jarida takardun da suka nuna yadda hukumar ke tattara bayanan wayoyin jama'a, ya bi ta Hong Kong ya ƙare a Rasha. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce kwarmato ya yi. Gwamnatinsa ta ce amana ya ci. Kin ga kalma ta uku ta shigo, kuma ita ce mai nauyi a wurin Bahaushe, wanda ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mu nan gida, da gwamnatin tarayya ta fito da tsarin ba da lada ga mai tona ɓoyayyen kuɗin sata a Disambar 2016, kwarmato kafafen Hausa suka fi ɗauka, kuma sun dace.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai shagon cajin waya da POS a yankin Gaya: "Wane karin magana ya dace da masu kutse?"

Kutse daga kutsawa ne, shiga da ƙarfi inda ba a gayyace ka ba. Wasu matasa na cewa 'yan dandatsa, amma dandatsawa farfasa abu ne, alhali gwanin kutse yakan shiga ya fita ko ƙura bai tayar ba. Karin maganarsu kuwa kaka da kakanni sun gama shi: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka san tsagar, Malam, kana ganinta kullum a shagonka. Tsoho ya zo cirar kuɗi, ya miƙo kati da 'yar takarda a naɗe da kyauro, lambar sirrin na rubuce a jiki, ko ya faɗe ta da ƙarfi mutum biyar na tsaye. Ko a kira shi a waya a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba. Banki ba ya tambayar wannan lamba.

Sai dai manyan fashewar sirri da duniya ta gani, wani karin maganar ya fi kama su: da ɗan gari akan ci gari. Wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000 da shafin bankaɗa na WikiLeaks, na Julian Assange, ya fara saki a 2010, har da na Abuja a ciki, wani ƙaramin sojan Amurka mai suna Manning ne ya kwafe su daga kwamfutar da aka ba shi izinin taɓawa a Iraƙi. Snowden ma ɗan ciki ne. Haka Jack Teixeira, ƙaramin sojan saman Amurka ɗan shekara 21, da ya riƙa zuba takardun yaƙin Yukren a zauren hirar intanet na Discord don burge abokai, aka kama shi a 2023, aka ɗaure shi shekara 15.

Ka kuma tambayi ko ana iya janye abin da ya riga ya hau intanet. Je ka bayan gari ka sami tsohuwar bukka, ka kama tsinken bunu ɗaya daga jinkar ka zaro. Zai fito sumul. Sai ka gwada mayar da shi inda yake, ka ga yadda zai lanƙwashe ya karye a hannunka. Daga nan aka samo magana zarar bunu. Shi bunun ma guda ɗaya ne a hannunka, takardar intanet kuwa kafin ka juya wani ya sauke ta a wayar da kake yi wa caji.