'Yancinka a ƙasar waje, gwargwadon takardarka ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gaji da 'yan sa-ido, kana so ka fita inda ba mai tambayar ka ina ka je, da wa ka je, yaushe za ka yi aure, kuma kana son sanin ko waɗanda suka fita sun fi jin su ne da kansu. Tambayar nan ta zo mini ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma kusan kullum mai yin ta ya riga ya yanke hukunci, "e" kawai yake jira. To, e ɗin tana nan, bari in sallame ka da ita tukuna, don ba ta da tsawo.

Gaskiya ne ba mai sa maka ido. Maƙwabcinka sai ya shekara uku bai san sunanka ba. Ka sa tufar da ka ga dama, ka dawo gida sa'ar da ka ga dama. Mace tana kama haya da sunanta, ta buɗe asusun banki, ta kai ƙara a saurare ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce maka ƙarya ne, shi ne maƙaryacin. Sai dai ka riƙe cewa mutumin da ba ruwansa da inda ka kwana, ba ruwansa kuma da ko ka tashi lafiya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Baƙo ba da 'yancin ɗan ƙasa yake rayuwa ba, da 'yancin da aka rubuta a bizarsa yake rayuwa, kuma biza iri-iri ce.

Ɗauki ɗalibi a Birtaniya. In digiri yake yi, awa 20 aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Ba a haɗa makonni a raba. In ka yi 25 a wannan mako, ka yi 15 a na gaba, ka riga ka karya doka. Sana'ar kai kuwa haramun ce gare shi gaba ɗaya, wato ba saye da sayarwa, ba aikin da za a biya ka a matsayin mai zaman kansa. Makaranta tana ƙidaya zuwanka aji, in ka yawaita fashi ita da kanta za ta sanar da ma'aikatar cikin gida, a datse bizar. Kafin ma ka taka ƙasar za ka biya kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara, a dunƙule. Tun daga Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A Amurka awa 20 ɗin ce, kuma a shekarar farko cikin harabar makaranta kawai. Kanada ta ba da 24.

Bizar aiki ce ta fi ƙona mini rai, don ita aka fi yi wa kwalliya a gida. Sunan kamfanin da ya ɗauke ka a jikinta yake. Ga yadda abin yake a zahiri: daren Juma'a manaja ya turo jadawalin aiki, ka duba ka ga an cusa maka Lahadi, ranar hutunka. Abokin aikinka ɗan ƙasa ya rubuta "ba zan samu zuwa ba", ya kife wayarsa. Kai kuwa ka rubuta amsa ka goge, ka sake rubutawa ka goge, daga ƙarshe ka tura "to". Doka ta ba ku haƙƙi iri ɗaya a takarda, amma shi in an kore shi aiki ya rasa, kai in an kore ka ƙasa ka rasa. Kwana 60 ake ba mutum a Birtaniya ya samo wani kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ko ya tattara, haka ma mai bizar aiki ta H-1B a Amurka. A cikin kwanakin nan haya ba ta tsayawa, kuma bizarka ta hana ka taɓa tallafin gwamnati, alhali ana cire maka haraji kowane wata. Masu aikin kula da tsofaffi da yawa sun faɗa wannan rami ba da laifinsu ba: gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin, su kuma agogo ya fara buga musu.

Igiyar tana kwancewa ne ranar da aka ba ka izinin zama na dindindin. A Birtaniya shekara 5 ake yi a bizar aiki, da sharaɗin kada ka wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12, kuma a 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shi shekara 10. In ka ji ɗaya daga cikinmu yana cika baki cewa nan akwai 'yanci, tambaye shi wace takarda ce a aljihunsa. Galibi ya riga ya haye. Da guminsa ya haye, ba mai hana shi alfahari, amma ba halin da za ka tarar yake ba ka labari ba.

Jamus kuma nata salon daban ne. Ba mutane ke sa ido ba, ofis ne. In ka tare a gida, kwana 14 gare ka ka yi rajistar adireshi. Ɗalibi zai zuba Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, a riƙa sakar masa 992 a wata. Kuɗinka ne, amma da awo za a ba ka. Aiki kwana 140 cikakku a shekara, ko rabi-rabi 280. Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin ko babu akwatin a ɗakin. Ranar Lahadi ka kunna injin huda bango ka ga yadda maƙwabcin da bai taɓa gaishe ka ba zai san lambar ƙofarka.

Na ƙasashen Larabawa ba sai na ja ba, kowa ya ji labarin kafil, wato ubangidan da bizarka ke hannunsa. A Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta, ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki bayan shekara guda, ya kuma fita ƙasar ba da sa hannun kafil ba, amma gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, su ne kuwa suka fi buƙatarsa. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, ana kuma yi. In kafil ya kai rahoton ka gudu, daga ranar ka zama abin kamu. Maganar sukar hukuma a can, kada ma ka fara.

Ko a Yamma, bakinka ba kamar na ɗan ƙasa ba ne. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka yake tambayar sunayen da kake amfani da su a shafukan sada zumunta, kuma a 2025 aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu a duba. Ɗan ƙasa ya yi zanga-zanga ya koma gida ya kwanta, baƙo kuwa ana iya soke masa biza.

Sai addini da iyali, inda mutane suka fi shan mamaki. Ba mai hana ka salla, amma ba dole ba ne jadawalin aiki ya san da Juma'a. Roƙa za ka yi, ko ka sayar da hutun cin abincinka. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati na firamare da sakandare tun 2004, ta hana rufe fuska a bainar jama'a daga 2011 da tarar da ta kai Yuro 150, ta ƙara da abaya a makarantu a 2023. Siwizalan ta hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Mai mata biyu ba zai shigo da ta biyu a matsayin mata ba, a Birtaniya ko a Jamus. Dukan yaro laifi ne a Suwidin tun 1979, a Jamus tun 2000, a Sikotilan tun 2020, kuma malamar aji da ta ga shaida a jikin yaro ba kai za ta kira ba, jami'an kula da yara za ta kira. A Jamus ba ka da ikon ajiye ɗanka a gida ka koyar da shi da kanka. Ni ban ce dokokin nan duk marasa kyau ba ne. Cewa na yi 'yancin da kake hange an raba shi ga kowa a gidan, har da matarka da ɗanka, kuma wani kason daga hannunka aka ɗebo shi.

Wanda ya bari bizarsa ta mutu kuwa, shi ne fursunan da ba a kulle ba. A Ingila mai gida sai ya duba takardarka kafin ya ba ka haya, kamfanin da ya ɗauki marar izini kuma tararsa tana kaiwa fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko, don haka sai macuta ne za su ɗauke ka, a farashin da suka ga dama. A Amurka in ka zarce da fiye da kwana 180 sannan ka fita, shekara 3 ba ka dawowa. In zarcewar ta cika shekara guda, shekara 10 ce. Shi ya sa za ka ga mutum an yi masa rasuwa a gida, yana zaune yana karɓar gaisuwa ta waya.

'Yan sa-idon da kake gudu ma, a aljihunka za ka tafi da su. WhatsApp ba ya neman biza. Tambayar yaushe za ka yi aure tana nan, an dai ƙara mata da yaushe za ka turo.

Saboda haka kafin ka biya kowa ko sisi, turo mini amsar waɗannan: mene ne ainihin sunan bizar, sunan wa ke jikinta ban da naka, kwana nawa za a ba ka in aikin ko karatun ya tsaya, tana kai mutum ga zaman dindindin ko ba ta kaiwa, a shekara nawa, kuma iyalinka za su iya bin ka? Daga shafin hukumar shige da fice ta ƙasar za ka ɗauko su, ba daga bakin dillali ba, ka kuma duba ranar da aka sabunta shafin, don dokokin nan ba sa shekara biyu ba a taɓa su ba.