Mota biyu a kan hanya ɗaya: amsa ga mai sarin albasa a Kumasi

Wani Alhaji mai sarin albasa daga unguwar Aboabo ya aiko da tambaya. Zai ɗauko mota biyu daga Nijar, kuma a ƙiyasinsa, cikin kowace mota 10, ɗaya takan maƙale a hanya har kayan su ruɓe. Ɗansa ya ce yiwuwar asarar duka biyun 1 ce cikin 100, abokin cinikinsa kuwa ya ce haɗarin 20 ne cikin 100. Yana so ya san mai gaskiya.

Ranka ya daɗe, abokin cinikinka tarawa ya yi, alhali ba a tara yiwuwar abubuwa biyu kai tsaye sai idan ba za su taɓa faruwa tare ba. Mota guda ba za ta iso Kumasi ranar Litinin kuma ta iso ranar Talata ba, don haka a nan tarawa daidai ce, kuma da zarar ɗaya ta tabbata, ɗayar ta faɗi. Motocinka kuwa suna iya maƙalewa tare.

Ɗanka ninkawa ya yi, wato ɗaya bisa goma sau ɗaya bisa goma, kuma lissafin yana da kyau matuƙar abin da ya sami mota ta farko bai shafi ta biyu ba ko kaɗan. Da haka ne, yiwuwar duka biyun su iso lafiya 81 ce cikin 100, ta asarar aƙalla ɗaya kuma 19.

Sharaɗin nan ne ban yarda ya cika ba. Motoci biyu da aka yi wa lodi a mako ɗaya, za su bi hanya ɗaya, su tsaya a bakin iyaka ɗaya, a cikin zafi ɗaya, makomarsu a ɗaure take. Fashewar taya ko lalacewar inji na iya samun ɗaya ta bar ɗaya, amma rufe iyaka ba ya zaɓe. Ba ka manta da 2023 ba, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yamai, motocin albasa masu zuwa Gana suka yi jerin gwano, kaya suna zubar da ruwa a cikin buhuna. A irin wannan rana, wanda ya yi asarar ɗaya ya yi asarar biyu, sai haɗarin karyewar jari ya matso kusa da 10 cikin 100. Haka nan faɗuwar sidi, kuɗin Gana, a kan sefa, duka lodin biyu take taɓawa.

Shawarata ita ce ka raba sanadin asarar. Ka sa tazarar mako biyu ko uku tsakanin motocin, ko ka sayi lodi na biyu daga Bawku da ke arewacin Gana idan kakar albasarta ta yi, tunda ba ya ƙetare iyaka, kuma da sidi za ka biya. Kada kuma ka biya kuɗin mota ta biyu da bashin da kake sa ran cinikin ta farko zai biya.