Karatun kula da tsofaffi da masu jinyar ajali: fanni ne na gaske?

Tambaya: Malama, ina shekara ta biyu ina karatun halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Tun da na yi jinyar kakata a Tawa har ta cika, nake son in ƙware kan tsofaffi da waɗanda ciwonsu ya ƙi magani. Innata ta ce wannan kiran mutuwa ne. Akwai aiki a ciki?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya jiƙan kaka. Fanni ne, sai dai bai tsufa ba. A 1967 wata likitar Birtaniya, Cicely Saunders, ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher's a Landan. Abin da ta koyar shi ne zafin mai jinyar ajali ba na jiki kaɗai ba ne, har da tsoro da damuwar iyali da tunanin lahira. A 1993 likita Anne Merriman ta kafa irinsa a Yuganda, da ruwan mofin (maganin kashe zafin ciwo) mai arha da majinyaci ke sha a gida. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu.

Mu nan, abin da ke bayan rasuwa mun iya shi: wanka, likkafani, zaman makoki, takaba wata huɗu da kwana goma. Inda muke tuntuɓe shi ne watannin da ke kafin nan. Na taɓa zama da wani dattijo a asibiti, ƴaƴansa na bakin ƙofa suna raɗa da likita, sun hana a faɗa masa sunan ciwon. Ya riƙe bakin zanensa ya ce mini, “Yarinya, ai na sani.” Mutuwar ba ita ta hana shi barci ba. Bashin buhun hatsi biyu ne, da gonar da yake tsoron za ta raba kan ƴaƴan. Kowa sai ya ce masa “za ka tashi, Baba”, ba wanda ya bar shi ya yi wasiyya. Wannan zaman nake koya wa ɗalibai, kuma ya fi duk wani darasin allo wuya, don bakin mai ilimi ba ya son shiru.

Batun samun aiki kuwa, ba zan ruɗe ki ba. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, saboda haka hankalin masu tsara lafiya yana kan mata masu ciki da yara. Ki kammala lisans, ki yi mastar kan tsufa, in koyarwa kike so ki wuce doktora. Kafin nan ki nemi izinin zama ɗakin majinyata tare da malaman jinya, ki san wani limami mai haƙuri, ki koyi Zabarmanci, don tsoho in ciwo ya yi tsanani harshen uwarsa yake komawa.

Inna kuwa, kada ki yi mata gardama. Ki tambaye ta abin da kaka ta riƙa faɗi a kwanakinta na ƙarshe, ki bar ta ta gama.