Amsoshin Tambayoyinku: Masu son zuwa tsibiran ƙanƙara, ku tsaya mu yi magana kafin ku tura kuɗi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ambaci tafiyar jirgin ruwa zuwa tsibiran da ke kusa da Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, saƙonni suke ta shigowa, to yau gaba ɗaya filin nasu ne. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, da yawa tambaya ɗaya ce kuka yi ta maimaitawa.

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya rubuto: "Malam na ga bidiyon tsuntsayen fengwin dubbai a bakin teku, kuma na ji labarin wani Bature da jirginsa ya nutse a ƙanƙara ya ceci mutanensa. Ina son in je in gani da idona. Ina ne wurin, kuma nawa zan tanada?"

Alhaji wurin da ka gani kusan tabbas tsibirin Jojiya ta Kudu ne, yana can kudancin tekun Atlantika a ƙarƙashin ikon Birtaniya, babu filin jirgin sama a cikinsa ko ɗaya, sai dai ta ruwa. Yawanci daga Ushuaia ake tashi, garin da ke can ƙarshen ƙasar Ajantina, a bi ta tsibiran Falkland, a zo Jojiya ta Kudu, sannan a gangara bakin Antatika a dawo ta mashigin Drake, wato tekun da ke tsakanin Antatika da ƙarshen Kudancin Amurka, duka kwana 18 zuwa 21 ne. Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da muke hunturu a nan su kuma suna lokacin zafinsu. A wani bakin ruwa da ake kira St Andrews Bay kaɗai manyan fengwin masu ruwan ɗorawa a wuya sun haura 100,000, ga kuma wata dabbar ruwa mai kama da ayu wadda namijinta yake kai tan 3 zuwa 4, suna kwance a rairayi kamar an jibge buhuna.

Baturen kuma Ernest Shackleton ne. Jirginsa Endurance ƙanƙara ta matse shi har ya nutse a 1915, su 28 suka yi ta fama har suka kai wani tsibiri da ake kira Elephant, can ya bar mutum 22 a ƙarƙashin kifaffun kwale-kwale, shi da mutum biyar suka shiga ƙaramin kwale-kwale suka keta teku wajen kilomita 1,300 zuwa Jojiya ta Kudu, suka sauka a ɓangaren da babu mutane, sai da su uku suka haura duwatsun ƙanƙara awa 36 a ƙafa kafin su isa tashar masu farautar kifin wel ta Stromness. Ranar 30 ga Agusta 1916 wani ƙaramin jirgin ƙasar Chile ya kwaso sauran, ko mutum ɗaya bai mutu ba a cikinsu. Shi kuwa ajalinsa a wannan tsibirin yake, ya koma a Janairun 1922 zuciya ta buga masa a cikin jirgi, kabarinsa yana Grytviken, wata tsohuwar tashar masu farautar kifin wel, kuma kusan duk jirgin da ya je sai ya tsaya a wurin. Za ka ga tankunan mai sun yi tsatsa, tun 1904 mutanen Nowe suka kafa wurin, kuma kafin a rufe tashoshin tsibirin a shekarun 1960 an yanka kifin wel sama da 175,000. Ni wannan ɓangaren ya fi taɓa ni wallahi, ɗan Adam in ya samu abu ba ya ragawa.

Kuɗi kuwa, doguwar tafiyar nan da wuya ka same ta ƙasa da dala 12,000 ga mutum ɗaya, kuma wannan ɗakin da za a haɗa ku ku uku ko huɗu ne, ɗaki mai kyau yana wuce 20,000. Ban da tikitin jirgin sama, ban da biza, ban da otal da inshora. Ka je Wapa ka buga lissafi da canjin yau, za ka ga ya wuce kujerar Hajji biyu. In ka sauke farali, ka biya kuɗin makarantar yara, jarin shago bai girgiza ba, to bismillah, ba haramun ba ne mutum ya je ya ga ikon Allah. In kuwa sai ka taɓa jari, ka haƙura.

Wani matashi ya ce shi so yake ya ɗauki hoto yana rungume da fengwin, sannan a kai shi ya ga farin beyar a tafiya ɗaya.

Ba za ka rungumi komai ba. Doka ce a bar tazarar aƙalla mita 5 tsakaninka da dabba, kuma tun da murar tsuntsaye ta shiga Jojiya ta Kudu a Oktoban 2023 ko zama a ƙasa ko ajiye jaka hana mutane ake yi, wasu wuraren ma rufe su ake yi ɗungurungum. Sannan fengwin a kudancin duniya yake, farin beyar a arewa, ba sa haɗuwa. Dan Allah ku dinga ɗan bincike kafin ku rubuto.

Sai wata baiwar Allah daga Kaduna, kuma saƙonta ne ya sa na ware filin yau. Ta ce: "Wani ejan a Instagram ya ce zai kai ni da maigidana Antatika a naira miliyan 4 kowa, har biza da tikiti, amma sai na tura rabi cikin kwana uku domin kujera biyu ta rage. Asusun da ya turo da sunansa ne. Gabana yana faɗuwa, kuɗin gadona ne."

Hajiya Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki tura. Wannan faɗuwar gaban da kike ji gaskiya ce take gaya miki, kada ki tura ko sisi. Miliyan 4 tikitin jirgin sama daga nan zuwa Ushuaia da dawowa ma zai cinye yawancinta, to da me za a biya jirgin ruwan? Mafi arhar tafiyar Antatika, ta kwana 10 ko 11 wadda ko Jojiya ta Kudu ba ta zuwa, dala dubbai ce. Arha ba ta ado Hajiya, balle irin wannan arhar.

Kuma bari in tsaya a nan in yi magana da kowa, domin abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu mutanenmu sai mu je kasuwa sayen shadda yadi biyar mu murza ta, mu ɗaga ta a rana, mu tambayi shago uku, mu yi ciniki har makogwaro ya bushe, amma in aka zo maganar tafiya waje sai mutum ya kwashi miliyoyi ya tura wa wanda bai taɓa gani ba don kawai ya ga shafinsa da mabiya dubu ɗari da hotuna masu kyau. Mabiya saye ake yi, hotuna kuma kwafowa ake yi daga shafin kamfanonin gaske. Salon kuma ɗaya ne tun daga masu bizar Umara ta bogi zuwa masu aikin Dubai zuwa waɗannan: farashi mai daɗi, gaggawa, kujera biyu ta rage, tura a asusuna na kamfani yana da matsala. Wata 'yar uwata ta jini haka aka yi mata da sunan yawon buɗe ido, ejan ɗin har ofis yake da shi da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, ta sayar da sarƙarta ta zinari ta ba shi, ranar da ta koma karɓar fasfo ta tarar da kwaɗo a ƙofa, har yau in aka taɓo maganar sai ta yi hawaye, kuma ba kuɗin ne kaɗai ba, kunyar da ta ji a gaban dangin miji ce ta fi yi mata ciwo. Shi ya sa ba na sassautawa a wannan batu.

Abin da ya sa wannan tafiyar ta fi sauƙin tantancewa shi ne jiragen da suke zuwa ba su da yawa kuma kowanne yana da suna. Ki ce wa ejan ya ba ki sunan jirgin, sunan kamfanin da yake tafiyar da shi, ranar tashi da lambar ɗaki. Akwai ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane Antatika, IAATO, tun 1991 aka kafa ta kuma sunayen mambobinta suna shafinta na intanet kowa zai iya dubawa. In kin ga kamfanin a ciki, ki rubuta musu kai tsaye ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda ejan ya turo miki ba, ki tambaya ko sun san shi kuma ko akwai ɗaki da sunanki. Kamfanin gaske zai turo miki takardar sharuɗɗa mai tsawo, zai nemi ki cike fom na lafiya, zai nemi shaidar inshora, zai faɗa miki nawa za ki rasa in kin fasa. Wanda bai tambaye ki lafiyarki ba amma yana tambayar yaushe za ki tura kuɗi, kin san me yake so. Kuma babu wani mahaluki da zai ba ki tabbacin bizar Ajantina, ofishin jakadancinsu ne yake bayarwa ko ya hana, saboda haka ki san matsayin kuɗinki in an hana ki tun kafin ki biya kafin alƙalami. Kuɗin gado amana ne Hajiya, ki riƙe abinki, in ma tafiyar ba ta yiwu bana ba tsibiran suna nan.

Wani likita daga Abuja ya ce ya ga babban jirgi mai ɗaukar mutum 2,000 da farashi mai sauƙi, ga kuma ƙarami mai mutum 130 da ya ninka shi tsada, wanne zai ɗauka?

Dakta ƙaramin. Jirgin da ya haura fasinja 500 ba a yarda ya sauke kowa a ƙasar Antatika ba, daga kan bene za ka yi ta hangen ƙanƙara har ku juyo. Kuma ko a ƙananan ba a barin fiye da mutum 100 a tudu lokaci guda, to in ku 400 ne layi za ku yi ta bi, in ku 130 ne kusan kullum za ka shiga kwale-kwalen roba ka sauka, wani lokaci sau biyu a rana. Saukar ita ce abin da kake biya. Amma ka sani ko a ƙaramin ba alkawari ba ne, iska ce mai hukunci, tsibirin Elephant ma yawancin jirage hangensa kawai ake yi saboda igiyar ruwa. Kada kuma ka yi rowar inshora, ka ɗauki wadda ta ƙunshi kwaso mara lafiya, kai ka fi ni sanin abin da karaya take nufi a wurin da asibiti yake nisan kwana biyu ko uku a teku. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse, Allah ya tsare duka mutum 154 aka cece su, amma ka ga wurin ba na wasa ba ne.

Wata ɗaliba ta tambaya ko rigar sanyin gwanjo da ta saya a Sabon Gari za ta isa.

'Yata sanyin ba kamar yadda kike tsoro ba ne, a lokacin da ake zuwa yana yawo ne kusa da digiri 0, iska da jiƙewa su ne matsalar. Yawancin kamfanoni suna ba da babbar rigar sama kuma suna ara takalmin roba, ki tambaya kafin ki kashe kuɗi. Abin da za ki nema wandon da ruwa ba ya shiga, da riguna na ciki na ulu da za ki jera biyu ko uku, safar hannu guda biyu, tabarau mai tare rana da man kare fata, domin hasken ƙanƙara yana ƙona har baƙar fata. Gwanjo mai kyau ya fi sabuwar jabu mai tambarin babban kamfani, ki zuba mata ruwa a gida ki gani, in ya ratsa ki bar ta. Kuma za a duba aljihu da maɗaurin kaya a share su tas kafin ki sauka, ko ƙwayar ciyawa ba a so, sai a 2018 aka tabbatar an gama da ɓerayen da jiragen zamanin baya suka kai Jojiya ta Kudu, ba sa son a sake kai musu wani baƙon abu.

Wani malamin makaranta daga Zinder ya ce shi arewa yake so, Svalbard, tsibiran da ke can arewa da ƙasar Nowe, amma salla ce take damunsa tunda ya ji rana ba ta faɗuwa.

Malam damuwarka mai kyau ce. Gaskiya ne, a Longyearbyen, babban garin Svalbard, rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har zuwa ƙarshen Agusta, kuma a cikin wannan lokacin jiragen suke yawo. Malamai sun yi bayani a kai, wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da yake da dare da rana, wasu sun ce a bi na Makka, ka zauna da malaminka ka tsayar da ɗaya kafin ka tashi, ka rubuta jadawalin a takarda domin intanet a jirgi ba abin dogaro ba ne. Abinci ka sanar da su tun wajen biyan kuɗi, kifi da ganye ba sa yankewa. Svalbard kanta ba ta buƙatar biza amma ta Nowe za ka bi, saboda haka sai ka nemi bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Nowe, mai shiga sau biyu, da yawa a nan suke yin kuskure. Farin beyar daga nesa za ka gan shi in an dace, dokar da ta fara aiki a 2025 ta ce aƙalla mita 300, ka sayi madubin hangen nesa mai kyau. A can ne kuma rumbun ajiyar irin shuka na duniya yake cikin dutse tun 2008, har da irin wake da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika, sai dai ƙofar kawai za ka gani, ba a shiga.

Mai tambaya a kan jiri da amai a teku: e, mashigin Drake kwana biyu ne kuma yana iya jijjiga mutum sosai. Ka ga likita ya rubuta maka magani tun daga gida, ka sha kafin jirgi ya fita ba bayan ka fara amai ba, kuma ka zaɓi ɗaki a ƙasa wajen tsakiyar jirgi, ya fi arha kuma ya fi natsuwa. Ka isa Ushuaia aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, jirgin ba ya jiran wanda jakarsa ta maƙale a hanya.